Bakin Ci da Bakin Magana

Shekaranjiya jikana ya shigo gida da gitar a kafaɗa, sabuwa fil, tana ƙyalli kamar an shafe ta da man shanu. Wai a Malanbil ya saye ta, ya hau moto ya ƙetare gada ya komo tun shayinmu bai huce ba. Na karɓa na juya ta, na ƙwanƙwasa bayanta, na leƙa cikin bakinta, na shinshina. Ba ƙamshin icce ko kaɗan, sai warin fenti. Ya ce, "Tsoho, wai ku don mi kunka riƙa wahalar sassaƙa abin nan da hannu? Ga shi a kanti kamar albasa." Na ce, "Zauna ka ji." Bai zauna ba. Wayarshi ta yi kuka, ya jingine gitar a ɗakina ya fita. To, tunda shi bai zauna ba, ku ku zauna, don labarin ya riga ya taso mini har wuya.

Lokacin da nike saurayi, gemu na leƙowa yana komawa, babu gada a Gaya. Bak ne ke ƙetarar da mutane, wani babban jirgin ƙarfe mai tari kamar tsohon da ya sha taba, shi ke ɗaukar kamiyo, babbar motar kaya, ya kai shi wancan gefen. Kamiyoyin gyaɗa su jeru tun daga bakin ruwa har cikin gari, direbobi su shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mota, su ci, su yi barci, su yi faɗa, su shirya, layi bai motsa ba. Jira shi ne sana'ar garinmu. Mai jira yana jin yunwa, yana son hira, yana son ya san sunanka. Kunne kuwa ba ya hutawa: injin bak, jakai masu ɗauke da gishirin Foga, matan da ke bugun wanki a kan duwatsu, gizagon masassaƙa, ga Dendanci ga Zabarmanci ga Fulatanci ga Hausa duk a tukunya ɗaya, gardin kumandan, wato dogarin Bature mai mulki, yana zuba musu Faransancin da shi kanshi bai gane ba. Yanzu ka tsaya a wurin, ba abin da za ka ji sai "fuuu", mota ta wuce ta sama. Ba wanda ke jiran kowa.

Babana Bagobiri ne, fataucin gishiri ya kawo shi Gaya ya zauna. Mutum ne mai tsare girma har a cikin barci. Maganarshi kullum ita ce, "Hannun ɗa yana miƙa abu, ba ya miƙuwa." Ni aikina tsaron gishiri a bakin ruwa, in kori awaki, in kori ƙuda, in kori masu cewa bari su ɗanɗana. Kusa da rumfarmu akwai wata tsamiya, a ƙarƙashinta Baba Hima ke sassaƙa kwale-kwale. Shi kuma Bazabarme ne, kun san abin da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, wasa ne tun na kakanni. Safiya ba ta wayewa sai sun taɓa juna.

"Bawana, ka kwana lafiya? Ina harajina?" in ji babana.

"Bawan wa? Kai da tsagen fuskarka ya yi kama da wanda kaza ta yi wa tonon tsaba?"

Haka suke, kuma in ɗaya bai fito ba ɗayan ba ya iya cin abinci.

Ran nan ina zaune ina gyangyaɗi sai na ji wani amo ya sauko daga sama. Mu fa mun san molo, mun san gurmi, mun san goge. Amma wanga abu kamar mutane da yawa ne ke magana lokaci guda kuma ba wanda ya katse wani, babba na gunaguni a ƙasa, ƙanana na dariya a bisa. Na ɗaga kai. Wani aparanti ne ɗan Kwatano, yaron direba, zaune bisa buhunan gyaɗa, hula a karkace, rungume da wani abu mai ƙugu kamar budurwa. Wallahi ban san sa'ad da na bar gishiri ba. Awaki sunka yi sallah a ranar. Na tsaya gindin mota baki buɗe har rana ta karkata. Abin da na lura da shi, in ya yi kiɗa ya burge direbobi, sai su jefa mishi tamma, su saita wani rami da ke tsakiyar abin, in ta faɗa ciki a yi shewa. In sun watse sai ya kife ta ya girgiza, kuɗi su zubo.

Da ya sauko na matsa. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin nashi yaren. Na nuna abin, ya ce, "Gitar." Na nuna ramin, na ɗaga gira. Ya nuna bakinshi da yatsa ya ce, "Labush." Wani ɗan lakkwal, wato ɗan boko, da ke wucewa ya ce, "Wai baki ne." Na ce alhamdu lillahi, na gane. Bakinta ne, ta nan take ci. Ciki kuma, ai kowa ya san aikin ciki, ajiyar abin da baki ya ci. Wato rami da kogon nan duka asusu ne, kiɗan kuwa yana cikin wayoyin da ke miƙe a kanta. Ban sake tambaya ba, don a ganina ilimi ya cika. Washegari layi ya motsa, bak ya tafi da ɗan Kwatano da gitar tashi, ya bar ni da amo a cikin kunne kamar ƙwaro ya shiga.

Na kasa ci, na kasa tsaron gishiri. Ina tafiya ina kaɗa yatsu a kan cikina. Babu inda ake sayar da ita a ƙasarmu, ko da akwai, farashinta sai ma'aikacin biro mai albashi. Sai na tari Baba bayan ya ci ya ƙoshi, na durƙusa na ce ina son in sassaƙa gitar.

"Mi ne ne gitar?"

"Abin da ɗan Kwatano ke kaɗawa, Baba."

"Wanda ake jefa wa kuɗi kamar ana ciyar da kada? Kai, dube ni da kyau. A zuriyarmu akwai maroƙi? Kiɗa yana da masu shi, gadonsu ne, Allah ya ba su. Mu namu gishiri."

Na ce, "Baba, ai ni tawa ba za ta yi baki ba. Ba baki, ba ciki. Kiɗa zalla, ba roƙo."

Ya dube ni ya daɗe. Ina jin dabarar ta burge shi. Ya ce, "To. Amma ka ji rantsuwata. Ranar da tamma guda ta shiga cikin abin nan, ita murhu, kai kuma Zabori wurin kawunka, ka yi ta noman gero har gemunka ya kai cibiya." Ni da na tashi a bakin ruwa, Zabori a wurina ƙarshen duniya ce, ba kogi, ba kamiyo, sai hauya da kawu mai tashin mutane kafin zakara. Amma na amsa da sauri, don mi zai shiga abin da ba shi da ƙofa?

Icce wurin Baba Hima na samo shi. Na faɗa mishi shirina duka, har da hikimar rashin baki. Na ga gashin bakinshi yana rawa, ya juya baya yana tari, sannan ya jawo wani gungumen maɗaci da ya rage daga kwale-kwale ya ce, "Ɗauki, ɗan bawana, kyauta. Hankalin Gobir ai sai a taimaka mishi." Na yi ta godiya. Ashe tsohon ya ga ƙarshen labarin tun daga nan, ya zaɓi ya zauna ya sha kallo.

Ku bari in gaya muku yadda anka yi ta, don nan ne daɗin yake! Na zana surar a ƙasa da tsinke, yadda idona ya riƙe ta, na kwafa a kan icce da gawayi. Gizago na aro, wuƙar Inna ta yanka kuɓewa, da fasasshen kwalba na kankara. Wayoyi kuwa, wayar birkin keke in ka warware ta za ka tarar da sirara a murɗe, su ne masu zaƙin murya. Masu kauri na yi su da igiyar fatsa. Maɗaurin wayoyi na fiƙe su da iccen kirya kamar turakun awaki. Ƙarafan nan da ke gicciye a wuya, da wayar ƙafar keke na yi su, na raba su daidai wa daida da faɗin yatsuna, don ban san cewa suna matsewa in an gangaro ba. Hannuna ya yi kanta, ya fashe, ya sake yin kanta. Inna ta ce, "Da haka kake wa gishirin ubanka da mun gina soro." Da na gama na shafe ta da man kaɗe, ta yi jawur, kyakkyawa. Nauyi kuwa, in na ɗauke ta daga gida zuwa bakin ruwa sai na huta a hanya.

A gida na ɗan taɓa ta na ji muryar ƙasa-ƙasa, na ce kunya ce, in ta ga jama'a za ta saki jiki. Ai kuwa na riga na cika gari da baki, har na ce wa 'yan mata ɗan Kwatano yaro ne. Ran kasuwa na hau bisa wani turmi a bakin ruwa, jama'a sunka kewaye ni. Na gyara hula ta karkace. Na kai hannu na zuba mata yatsu da ƙarfina duka.

Kun san kukan sauro in ya shiga cikin gora? To, sauron ma mai mura.

Mutane sunka miƙo wuya. Wata mai tuyar kifi ta ce, "Yaro, ka fara ne ko kana addu'a?" Wani ya ce a yi shiru, anka yi shiru, na sake kaɗawa, sai wani jaki ya amsa daga nesa, kuma shi kowa ya ji shi. Ana cikin dariya igiyar da na rataya ta da ita ta tsinke, gitar ta faɗo mini a kan babban yatsan ƙafa. Ƙarar da na yi ita ce kiɗan da Gaya ta ji a ranar. Wata mai wanki ta ce in ba na so ta saya, ta daɗe tana neman abin bugu mai kyau haka. Kafin azahar an raɗa mata suna Bebiya, ni kuma mijin Bebiya.

Da taro ya watse Baba Hima ya yafuto ni, hawaye na zuba a gemunshi don dariya. Ya ɗauki ƙotar gizago ya bugi kwale-kwale, ya ce "gum". Ya bugi gungumen icce, ya ce "ƙyas". Ya bugi tulu, ya bugi dutse. Sannan ya ƙwanƙwasa kaina da yatsa ya kasa kunne. "Ka ji? Wannan ma ya fi ta amo, don akwai fili a ciki. Kai ɗan Gobir, baki aiki guda gare shi? Ku ci kaɗai kunka sani! Da wane wuri kake magana, da gwiwa?"

Sai a lokacin maganar ɗan Kwatano ta faɗo mini. Bakin magana bawan Allah yake nufi, ni na ji bakin ci.

Baba yana rumfa yana jin komi, ya haɗe fuska. Baba Hima ya ɗaga murya don ya ji da kyau. "Zan nuna maka yadda ake rarake ta. Amma ka sani, ranar da ta buɗe baki, ni zan fara ba ta tamma. In ga ɗan Bagobiri ya zama maroƙin Zabarmawa, ubanshi kuma ya hura wuta da hannunshi!" Ya zaro tamma ya ɗaga sama, ya soke ta a naɗin hularshi.

To ga ni tsakanin kogi da kada. In na bar ta bebiya, ni ne abin dariya har in mutu. In na buɗe mata baki, ga tamma na jira, ga murhu, ga Zabori. Mai hankali zai sayar wa mai wanki ya huta. Ni kuwa washegari ina gindin tsamiya da gizago. Ba jarumtaka ba ce, amon nan ne bai fita daga kunnena ba, kuma yanzu na san inda yake ɓoye. Na rarake ta kamar akushi har bayanta ya yi siriri, in ka ɗaga wa rana kamar za ka ga haske. Fuskar na yi ta da allon akwatin sabulu da na roƙa a kanti, na kankare shi, na manna mishi 'yan sanduna ta ciki don kada ya lotsa, na liƙe da danƙon fata da munka dafa har maƙwabta sunka yi ƙorafin wari. Ƙarafan wuya na cire su duka, na riƙa matsar da kowane a hankali ina saurare, inda kunne ya ce "nan" sai in kafa. Sannan na yanka baki, zagaye, da bakin kofi na auna.

Ranar da na ɗaura wayoyi na taɓa ta farko, na ji ta a ƙirjina kafin in ji ta a kunne. Iccen da na sani tun yana gungume, wanda ya fasa mini yatsa, shi ne ke magana. Inna na tsakar gida tana daka, taɓarya ta tsaya a sama. Daga cikin zaure na ji Baba ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi in ciniki ya yi kyau ba ya son a gane.

Na ƙudura a ɗaka zan riƙa kaɗa ta, inda tamma ba ta zuwa. Amma kullum safiya sai Baba Hima ya biyo ta ƙofarmu ya taɓa hula. "Ina amarya? Ga sadakinta yana tsatsa. Ko Gobir ta ji tsoro?" Har kasuwa ta ɗauka, ana cewa Bagobiri ya kulle ɗanshi don tsoron tamma guda. Wannan kuwa Baba ba zai iya haɗiye ta ba. Rantsuwa ba ta tashi, gudun Bazabarme kuma ba ya yiwuwa. Kwana da kwanaki yana cin tuwo kamar yana tauna tsakuwa.

Ran wata kasuwa da hantsi ya kira ni zaure, ya ce in zo da ita. Na ce a raina murhu ne. Sai ya leƙa waje, ya leƙa cikin gida, ya zaro wani abu daga ƙarƙashin riga: ragar ƙarfe, an yanka ta zagaye, an shafe ta da baƙin tukunya.

"Sassauta wayoyin. Manna wannan ta ciki. Bakin mutumin kirki magana ke fita, abin hannun wani ba ya shiga."

"Baba, ina ka samo..."

Daga tsakar gida muryar Inna ta tashi. "Wai wa ya ɗaukar mini rariya? Yanzu na aje ta a kan turmi!"

Baba ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Yi sauri."

Da la'asar bakin ruwa ya cika fiye da ranar Bebiya, don kowa ya ji yau za a yi ta. Baba ya sa babbar riga ya zauna a gaba, ya harɗe. Na hau turmin nan dai, yatsana na tuna mini da shi. Na kaɗa. Kai! Mai tuyar kifi ta bar kifi ya ƙone. Direbobi sunka fito daga ƙarƙashin motoci. Ba wani gwaninta na iya ba, kiɗan daka na Inna ne na bi da yatsu, amma Bebiya ta yi magana har masu kwale-kwale sunka tsai da filafili.

Sai ga Baba Hima yana ratso taro, yana rangaji, tamma a sama. Ragar ta yi baƙi, daga waje rami kawai kake gani. Ya tsaya gabana ya ce, "Jama'a ku shaida! Gobir, a hura wuta!" Ya saita ya jefa. Tamma ta ce "ƙyal", ta yi tsalle ta komo ta bugi gemunshi. Ya ɗauka ya sake jefawa, ta sake komowa. Ya duƙa ya tura da yatsa, ta ƙi. Ya leƙa, ya ga raga, ya ɗago ya dubi Baba. Baba yana kallon kogi kamar bai san ana yi ba.

"Ta ƙoshi," in ji Baba. "'Yar gidan Gobir ce, ba ta cin na bayi."

Wurin ya kece. Amma tsohon bai ƙare ba. Ya lashi tamma ya manna mini a goshi, yadda ake wa makaɗa, ya ce, "To ga liƙi! Wannan fa?" Na tsai da kiɗa. Har na fara jin ƙamshin gonar kawu.

Baba ya tashi a hankali, ya gyara riga, ya zo ya ɓamɓare tamma daga goshina. Ya juya ta, ya cije ta don ya ga ko ta ƙwarai ce, ya jefa a aljihu.

"Na ce in ta shiga cikinta. Ba ta shiga ba. Wannan kuwa harajina ne da nike bin ka tun zuwana garin nan. Ka kyauta, bawana. Saura na bara."

Baba Hima ya zauna a ƙasa yana dariya yana bugun cinya, yana cewa a ba shi ruwa. Ni dai Zabori ba ta gan ni ba sai da na je biki da ƙafata. Wanda ya biya kuɗin wasan shi ne duk gidan, don Inna ta gane rariyarta da leƙe guda, ta ce tunda gitar ce ke tankaɗe, sai ta tankaɗe mana gari. Mun daɗe muna cin tuwo da dusa, Baba yana haɗiya yana cewa ya fi ƙara lafiya.

Daga baya na sassaƙa wasu, na kaina da na mutane, kowace na sa mata raga har ta zama alamata. Bak ya tafi, tsamiya ta tafi, tsofaffin nan biyu suna kwance ba nisa da juna, ina jin har yanzu ana gardamar haraji. Bebiya tana nan rataye a ɗakina, wuyanta ya ɗan karkace kamar nawa.

Gitar jikana kuwa, da ya bar ta a ɗakina na ga bakinta wangame ba ko ƙyalle, sai na jefa mata dala. Jika ai abokin wasa ne. Jiya ya zo yana girgiza ta, abu na ƙara a ciki ya ƙi fita.

"Tsoho, aikinka ne wannan!"

"Ka zama maroƙina, sai ka fara yi mini kirari. In kana son ka fanshi kanka, sassauta wayoyin ka sa hannu."

Ya sassauta yana gunaguni, ya zura hannu yana lalube. Sai na ga ya tsaya. Ya ce, "Wai waɗannan sandunan da ke manne a ciki, na mi ne?" Wayarshi ta yi kuka a aljihu. Ya dubi Bebiya a bango, ya jawo tabarma da ƙafa, hannunshi na cikin bakin gitar, ya zauna.